Tafiyar Baya a Gaban Surukai

Tunda kowa ya riga ya ga bidiyon, gara ku ji daga bakina. Kuma ina so a sani tun yanzu, laifin naira hamsin ne, ba nawa ba.

Bikin ƙanwar uwargida ne, daren dina, a Kaduna. Ni aka ɗora wa kula da yaron da ke sa kiɗa, don a gidan an san ni da kunnen waƙa. Ni ma na yarda da kaina. Da kaset ɗin Yaya na tashi, irin mai minti 90 ɗin nan, gefe ɗaya Boney M, ɗaya gefen ABBA, in za a mayar da shi baya sai mu zura biro mu yi ta juyawa don kar batir ya ƙare. Daga baya na gano masu jita, na zama abin da na zama.

Yaron bai fi shekara 22 ba. Tun ƙarfe takwas yake jibgar mu da amapiano, kiɗan Afirka ta Kudu ɗin nan da gangarsa ke fita kamar ana buga tulu a cikin rijiya. Da na gaji sai na je na tsaya masa a kai. Na ce, kai, ka san Queen kuwa? Ya zare abin kunnensa ya ce, "Ta Ingila? Ai ta rasu, Baba."

Baba. Ni. Shekarata 48.

Na haɗiye wannan, na shiga karantar da shi. Na ce masa ƙungiyar mawaƙa ce, kuma mai ja musu baki, Freddie Mercury, a Zanzibar aka haife shi a 1946, nan Afirka. Na ba shi labarin Jimi Hendrix, bahagon da ya sa jita kuka kafin ya mutu a 1970, na ce in yana son jin irinsa a kusa ya nemi Mdou Moctar na Nijar, shi ma bahago ne. Na bayyana masa cewa duk wannan bugu huɗu-huɗu da suke taƙama da shi a kiɗan rawa, disko ne kakansa. Yana ta gyaɗa kai yana cewa "To, Baba", irin gyaɗa kan da ake wa mai tallan maganin basir a tasha. Sai ya ce, "In sa maka na zamaninku?" Na ce sa mu ji.

Da gangar farko ta faɗo na gane ta. Michael Jackson ne, waƙar da ya fara yin tafiyar baya da ita a talabijin a 1983. Wallahi ƙafata ce ta fara motsi, ban ba ta izini ba. Mai gabatarwa kuwa, wanda tun shigowarmu yake neman abin da zai ci a kaina, ya ɗaga makirfo ya ce, "Jama'a, a ba mijin yayar amarya fili!"

A nan ya kamata in ɗaga hannu in yi murmushi in koma kujerata. Uwargida ma ta yi mini wannan kallon daga nesa, kun san shi. Amma yaron yana kallona, kuma ya kira ni Baba sau biyar, na ƙirga.

Rawar nan ba sihiri ba ce, dabara ce. Ka kafa yatsun ƙafa ɗaya ka ɗora duk nauyinka a kanta, ɗayar kuma ka shimfiɗa ta a ƙasa ka ja ta baya ba nauyi, sannan ka sauya. Mai kallo sai ya ga kamar gaba kake zuwa alhali baya kake yi. Na iya ta sarai a 1993, a simintin ɗakin kwanan ɗalibai, da safa. Abin da ban lissafa ba shi ne, shi mutumin yana da shekara 24 lokacin da ya yi tasa, ba tumbi, kuma ba babbar rigar shadda mai sitaci a jikinsa.

Taku na farko ya fita tsaf. Ina so a rubuta wannan, don a bidiyon an yanke shi. Na biyu ma ya fita, har na ji shewa daga ɓangaren ƙawayen amarya. Na dafa hulata kamar yadda yake dafa tasa. A na uku ne diddigena na dama, cikin sabon sau-ciki mai ƙasan fata, ya sauka a kan naira hamsin.

Yanzu ku gaya mini, wane irin mutum ne ke liƙi da hamsin a dina? Kowa ya san daga hamsin zuwa ƙasa ta leda ce, santsi gare ta kamar ɓawon ayaba a kan tayil. Ba sai na faɗi suna ba. Mutumin da ya zo da direba, ya sha ƙube, yana amsa waya da ƙarfi don a ji yana maganar kwangila. Shi ne dai wanda ya ari janaretona da azumin bara ya dawo da shi ba igiyar tayarwa, ya ce haka ya same shi. Ya je banki musamman ya nemo sababbin hamsin-hamsin don bandir ya yi kauri a hoto. Kuma da na faɗi, shi ya fara ɗaga waya. Ba ya ɗaga ni ba, waya ya ɗaga.

To, ƙafar ta tafi. Ban taɓa sanin ƙafar mutum na iya nisa da shi haka ba. Ta hagu tana inda na kafa ta, ta dama ta doshi Kawo. Na buɗe hannuwa don in tsaya, babbar riga ta cika da iska kamar laima, na ji wando ya ce ɓarrr daga inda bai kamata ba. Sai kuma na ci gaba da tafiyar bayan, amma yanzu a zaune, har sai da ƙeyata ta gaisa da ƙafar tebur. Teburin surukai. Hulata ta tashi, ta yi juyi ɗaya a sama, ta sauka a kwanon farfesu.

Na ɗaga ido. Hajiya ce a kaina. Matar da shekara 19 ban taɓa haɗa ido da ita ba, wadda in zan gaishe ta daga bakin ƙofa nake durƙusawa. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kafaɗunta na rawa, ta ce wa gwaggon da ke gefenta, ba ni ba, "A ce masa sannu."

Yaron bai kashe kiɗan ba. Daidai lokacin da na dira ƙasa ya sako gangar tulun nan tasa a ƙarƙashin muryar Michael, suka hau juna kamar tare aka haife su. Fili ya cika da yara. Ina kwance ƙarƙashin tebur, ƙugu na zugi, na tsinci kaina ina kaɗa yatsa. Ɗan banza ya iya haɗi, wannan kam ba zan yi ƙarya ba.

Da mayafin uwargida ɗaure a ƙugu na fita ta ƙofar masu abinci. A mota ba ta ce uffan ba sai da muka kai gida, sannan ta tambaye ni ko a kawo man zafi.

Hular dai mai wanki ya ce manja ba zai fita ba. Shekaranjiya na sa 'yata ta nemo mini lambar yaron, wai zan ja masa kunne. Na tura masa saƙo ya turo mini haɗin nan. Har yanzu bai turo ba, ya dai amsa da "To, Baba."