Ina haɗa jaka, sai na tuna da Ɗan Maraya

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Daren jiya ina haɗa kayan tafiya, na ninke tufafi, na nemo caja da katin shaida, sai na jiyo muryar marigayi Ɗan Maraya Jos daga rediyon maƙwabta, waƙarsa ta karen mota. Wallahi sai jikina ya yi sanyi. Bawan Allah nan ya shafe shekaru yana zaga gari-gari da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, yana yi wa talaka waƙa. Ranar 20 ga Yunin 2015, cikin azumin Ramadan, ya yi tafiyar da ba a ɗaukar mata jaka. Muryar tana nan, mai ita yana kabari.

Na san da an ambaci mawaƙi wasu za su fara yanke masa hukunci. Don Allah mu kama bakinmu. Annabi (SAW) ya hana zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Hisabinsa yana hannun Mahaliccinsa. Abin da yake buƙata a wurinmu addu'a ce.

Ku lura da addu'ar hawa abin hawa da muke rattabawa da sauri. Tana Suratuz Zukhruf, aya ta 13 da 14, kuma ƙarshenta "wa inna ila Rabbina lamunƙalibun", wato lallai mu masu komawa ne ga Ubangijinmu. Kenan duk lokacin da ka zauna a mota ko jirgi, da bakinka kake shaida cewa akwai wata komawar. Sau nawa muka faɗa zuciya tana kan kuɗin mota?

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne bashi. Akwai wanda ke bina kuɗi, ba wanda ya sani sai ni da shi. Hadisin Ibnu Umar a Bukhari da Muslim ya ce bai kamata Musulmin da ke da abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Na ajiye jakar, na ɗauko takarda na rubuta, na damƙa wa iyalina. Sannan na kira mahaifiyata na roƙi gafararta.

Tunda addu'ar matafiyi ba ta faɗuwa ƙasa, gobe in sha Allahu zan sa Ɗan Maraya da dukkan magabatanmu a cikin tawa. Allah Ya jiƙansu, Ya haskaka kaburburansu. Ku ma ku sa ni a taku, wanda na ɓata wa ya yafe min.