Wa ke ƙirga ɗigon ruwan da ake ƙara wa majinyaci?

Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti yana jinyar wani ya san wannan zaman. Idonka na kan ledar ruwan da aka rataya, barci na fizgarka, kana fargabar kada ta ƙare ba ka sani ba. In ka yi sake, sai ka farka ka tarar jini ya biyo robar ya yi sama, ka fita da sauri neman nas.

Ƙarewar ruwan ma ba ita ce babbar damuwa ba. Gudunsa shi ne abin lura. A robar da aka fi sa wa manya, ɗigo 20 ne ke cika mililita ɗaya, don haka in likita ya rubuta lita guda cikin awa 8, ana bukatar ɗigo kusan 42 a minti. Nas za ta riƙe agogo, ta murza ɗan maƙallin jikin robar, ta ƙirga, ta wuce gado na gaba. Tana juya baya majinyaci ya lanƙwasa hannu, lissafin ya rushe. Ruwan da aka tsara wa awa 8 ya shige cikin awa 3, ko ya tsaya cak.

Mutane na ɗaukar ƙarin ruwa kamar abin da ba ya cutarwa, alhali magani ne mai ƙa'ida. Idan ya yi yawa yakan taru a huhu, musamman ga jarirai da masu ciwon zuciya ko ƙoda. A 2011 aka fitar da sakamakon gwajin FEAST da aka yi kan yara fiye da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani a Uganda da Kenya da Tanzaniya: waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa cikin awa 48 a kan waɗanda ba a yi wa haka ba. Wannan fa ruwan da aka auna da gangan ke nan. Ina ga wanda ya ƙwace da kansa cikin dare?

Injin tura ruwa na zamani ya magance wannan, sai dai yana da tsada, yana son lantarki da robarsa ta musamman. Shi ya sa ƙananan na'urori suka fi burge ni. DripAssist, ta kamfanin Shift Labs na Amurka, ana maƙala ta a 'yar kwalbar jikin robar inda ruwan ke ɗiga, ta ƙirga, ta yi ƙara idan gudun ya sauya, kuma ƙaramin batir ɗaya take ci. A Uganda, injiniya Philippa Ngaju Makobore da abokan aikinta sun ƙera wadda ke daidaita gudun da kanta. Ɗaliban jami'ar Rice ta Amurka kuwa tarkon ɓera suka haɗa da ma'auni, yana matse robar da zarar adadin da aka ɗibar wa yaro ya cika.

Akwai masu cewa ƙarin ma'aikata ake bukata, ba na'ura ba. Suna da gaskiya babba. Ƙararrawa ba ta da amfani in babu mai amsa ta, kuma na'urar ba ta ganin hannun da ya kumbura saboda allura ta fita daga jijiya. In aka sa robar yara mai ɗigo 60 a mililita aka shaida wa na'urar ta 20 ce, za ta yi kuskure ninki uku tana nuna komai lafiya lau. Amma horar da nas shekaru yake ɗauka, majinyacin daren yau kuwa ba zai jira ba. Nas ɗaya mai gadaje da yawa ita ta fi kowa bukatar abin da zai kira ta zuwa gadon da ruwa ya ƙwace.

Ni dai da za a saurare ni, da ɗakin yara za a fara, a haɗa kowace na'ura da batir na ajiya da wanda ya iya gyara ta, sannan a gwada ta a aikin dare kafin a sayo da yawa.