Sankara a ƙodoji biyu: kada a yi gaggawar cire wa yaro ƙoda

Galibi uwa ce ke fara ganowa. Tana yi wa ɗanta mai shekara biyu ko uku wanka, sai hannunta ya ci karo da wani abu mai tauri a gefen cikinsa, yaro kuwa na ta wasansa, ba zazzaɓi ba kuka. A gidaje da yawa sai a ce saifa ce, a shiga ba shi jiƙe-jiƙe, watanni su wuce ciki na ƙara ɗurewa. Alhali yana iya zama ƙarin da likitoci ke kira da sunan Max Wilms, likitan fiɗa Bajamushe da ya yi bayaninsa a 1899, wanda shi ne sankarar ƙoda da ta fi kama ƙananan yara.

Idan ƙoda ɗaya ciwon ya kama, da sauƙi: a cire ta, ɗayar ta riƙe aikin har tsufa. Amma kusan yara biyar cikin ɗari duka biyun yake kamawa. Nan ne hankalin likita ke rabuwa. In ya cire duka, ya kawar da ƙarin, amma ya ɗaure yaro a kan wankin ƙoda, kuma ba a saba yi wa irin wannan yaro dashe ba sai an jira shekara ɗaya zuwa biyu an ga ciwon bai dawo ba.

Shi ya sa manyan asibitocin yara suka canza salo. Ba a fara da wuƙa. Ana soma ba yaro magunguna uku, vincristine da dactinomycin da doxorubicin, na mako 6, a sake ɗaukar hoton ciki, in da buƙata a kai mako 12. Bayan ƙarin ya motse, likita ya yanke shi kaɗai, ya ɗinke lafiyayyen naman da ya rage a kowace ƙoda. Asibitin St. Jude da ke Memphis a Amurka ya bayyana a 2015 cewa cikin yara 42 da ya yi wa aiki, 39 sun fita da sauran ƙoda a ɓangarorin biyu.

Na san abin da wasu likitocinmu za su ce, kuma maganarsu abar dubawa ce. Aikin na da wuya, jini na zuba, kuma in aka bar ɗan guntun ƙari a baya, ciwon na iya dawowa. Ga shi yaranmu na zuwa asibiti a makare, ƙari ya cika ciki. Akwai kuma nau'in da ba ya jin magani, wanda dole sai an cire ƙodar dungurungum. Duk gaskiya ne.

Sai dai ni a ganina, mu ne muka fi kowa buƙatar wannan tiyata. Yaron Memphis in ya rasa ƙodojinsa, akwai na'ura daidai jikinsa, akwai layin dashe. Namu fa? Babban mutum mai albashi ma wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako na kai shi ga sayar da gona da gida, balle ɗan shekara biyu da ko bututun da ya dace da jijiyarsa sai an sha wahala. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na dashen ƙoda tun 2002, amma iyaye nawa ne za su iya riƙe jariri a kan na'ura har lokacin dashe ya yi? A wurinmu, guntun ƙodar da likita ya ceto shi ne abin da yaron zai rayu da shi.

Kuma ba mafarki nake ba. Tun 2014 asibitoci a Malawi da Gana da Kamaru da Habasha suka haɗu a kan tsari ɗaya na maganin wannan ciwo, da magani kafin tiyata da tallafa wa iyaye don kada su gudu ana tsakiyar jinya, kuma yaran da ke kammala magani lafiya sun ƙaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa shi cikin sankarar yara shida da ta fi mai da hankali a kai tun 2018, da burin kashi 60 cikin ɗari na yara masu sankara su riƙa tsira nan da 2030.

Abin da nake roƙo ƙarami ne a kan abin da ake kashewa wajen wankin ƙoda. Duk yaron da aka ji wa tauri a ciki, a yi masa sikanin, a duba ƙodojin biyu, ba mai kumburin kaɗai ba. In an ga ƙari a duka, kada ƙaramin asibiti ya taɓa shi da wuƙa, a tura shi asibitin koyarwa. Gwamnatin Tarayya kuma ta ware cibiya ɗaya ko biyu a Arewa da za a riƙa tara waɗannan yara, tunda ba su da yawa, hannun likita kuwa ba ya faɗawa sai da yawan yi. A ɗauke wa iyaye kuɗin maganin makonni 12 ɗin nan da na mota, domin a nan ne da yawansu ke karaya su koma gida da yaro.