Ƙurar daga sahara take, hayaƙin kuwa namu ne

Jama'a, duk ranar da guguwar ƙura ta lulluɓe gari sai ka ji ana cewa ai ƙasa ce, za ta lafa. Ni dai wannan sakacin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Yashi mai nauyi ba ya nisa, kusa da inda ya taso yake zubewa. Wanda ke isowa birni shi ne mai laushin, wanda masana ke kira PM10 da PM2.5, ƙwayoyin da silin gashi ya ninka su kauri sau da yawa. Gashin hanci da majina suna tare manya-manyan, ƙananan kuwa sai can cikin huhu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada PM10 ya wuce maikurogiram 45 a kowace kubik mita ta iska a yini. A watan Maris na shekarar, da ƙurar hamadar Gobi ta rufe Beijing, dubban maikurogiram ma'aunai suka nuna. A Iraƙi kuma, cikin Mayun 2022, dubban mutane aka kwasa zuwa asibiti numfashi na sarƙewa, aka rufe makarantu da filayen jirgin sama.

Wanda ya taɓa kwana da yaro mai asma a irin wannan dare ba ya buƙatar alƙaluma. Ƙirji na fito, tsakanin haƙarƙari na lotsawa, yaro ya kasa kwanciya sai a zaune.

Na yarda, ba mai iya tare sahara. Kwarin Bodele da ke arewacin Chadi busasshen gindin tsohon tafki ne, iska ta matso tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashe garin ƙasarsa, wani ma har ya tsallake teku ya sauka dajin Amazon. Wannan ikon Allah ne. To amma ita ƙurar, idan ta iso birni me take tararwa? Hayaƙin salansar motoci, na janareta, na masana'antu, ga bola ana ƙonawa har da roba da tsofaffin tayoyi. Da sanyin asuba iska ba ta ɗagawa sama, sai komai ya kwanta ƙasa-ƙasa daidai hancin mutane, ƙura ta cakuɗe da baƙin hayaƙi, a shaƙe su tare. Bayan guguwar ta wuce ma ba a huta ba, domin abin da ya zube a titi tayoyin mota ke sake tayar da shi kwana da kwanaki. Mai shara ya zo da busasshiyar tsintsiya ya ƙarasa aikin. A nan ne nake cewa laifinmu ne, kada a laɓe da hamada.

Abin da ya fi ba ni haushi, ƙurar nan ba ta zuwa ba sallama. Tauraron ɗan'adam na ganin tasowarta, kuma akwai cibiya a Barcelona, ƙarƙashin Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya, da ke fitar da hasashen ƙura na kwanaki masu zuwa. Majalisar Ɗinkin Duniya har rana ta ware wa matsalar, 12 ga Yuli. Rana dai an ware, madalla. Amma birane nawa ne ake sanarwa a rediyo cewa gobe akwai ƙura, masu asma da ciwon zuciya da tsofaffi su zauna a ɗaki, makarantu su hana yara wasa a fili?

Mai hali ya rufe gilashin mota ya kunna na'urar sanyi. Mai tuƙa babur, mai talla da ɗan sandan da ke ba da hannu a mararraba fa? Ƙyallen da suke ɗaurawa a hanci manyan ƙwayoyi yake tarewa, masu laushin sai takunkumi irin N95, shi ma sai ya zauna daram a fuska. Su ya kamata hukumomin birane su fara raba wa, sannan a hana ƙona bola a ranakun, a riƙa yayyafa wa tituna ruwa kafin a share.