Kafin mu ce "ya cika"

Jama'ar Kebbi, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, yau dai zan fitar da ita, wanda ta ɓata wa rai ya yi haƙuri.

Mu mutane ne masu tausayi, wannan ba a ja da shi. Mutum ya yanke jiki ya faɗi a babbar kasuwar Birnin Kebbi ko a tashar Jega, kafin ka ce kwabo an yi masa zobe. Wannan ya fasa ruwan leda ya kwara masa, wancan ya cire hula yana yi masa fifita, wata ta miƙo albasa a kanga masa a hanci, wani kuma ya zaro waya yana ɗaukar hoto, Allah ya shirya. In ban da mai wayar, kowa da niyyarsa ta alheri. Amma duk taron nan da wuya ka ga mutum ɗaya ya durƙusa ya ɗora hannu a tsakiyar ƙirjinsa ya fara dannawa. Alhali in zuciyarsa ce ta tsaya, wannan dannawar ce kaɗai za ta iya riƙe masa rai da izinin Allah, ba ruwa ba, ba albasa ba.

Abin da ma'aikatan lafiya ke kira CPR ke nan, wato danna ƙirji da hura numfashi ga wanda zuciyarsa ta tsaya. Ba wani sabon abu ba ne. Tun 1960 masana a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka suka nuna cewa ana iya tura jini ya zaga jiki ta hanyar danna ƙirji daga waje, ba sai an tsaga mutum ba. Shekara sittin da ɗoriya ke nan, amma har yau a garuruwanmu ana ganin abin kamar sirrin likitoci ne.

Manoman shinkafar fadamarmu za su fi kowa saurin ganewa. Zuciya injin ban-ruwa ce: muddin tana aiki jini na isa ko'ina, da ta mutu kuwa komai ya tsaya cik. Bambancin shi ne shinkafa na jure kwana ɗaya babu ruwa, ƙwaƙwalwa kuwa minti 4 zuwa 6 kawai take yi babu jini ta fara lalacewa. Duk mintin da ya wuce ba a yi komai ba, damar tashin mutum na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. To ku lissafa da kanku. A nemo ɗan kabu-kabu, a ɗora mutum a tsakiya wani ya riƙe shi ta baya ƙafafunsa na jan ƙasa, a ratsa cunkoso zuwa asibitin Sir Yahaya ko asibitin koyarwa na tarayya, minti nawa aka ci? Wannan a cikin gari ke nan. Na Ka'oje da na Dakin Gari da na ƙauyukan Danko-Wasagu fa? Shi ya sa jawabin likita ba ya wuce guda ɗaya: "Ai kun kawo shi ya riga ya rasu." Sau da yawa ba a asibiti aka rasa shi ba, a inda ya faɗi ne, muna tsaye a kansa.

Yadda ake yi ba shi da wani tsawo. Ka bubbuga kafaɗarsa ka kira shi da ƙarfi. In bai motsa ba, kuma ƙirjinsa ba ya hawa da sauka kamar na mai numfashi, kar ka ɓata lokaci kana laluben jijiya a wuyan hannu. Nuna mutum ɗaya ƙarara, "kai mai jar riga, kira 112, ka kuma nemo mota," domin in ka ce wani ya kira, babu wanda zai kira. Kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ba a kan katifa ba. Ɗora tushen tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya hannun a kai, miƙe gwiwar hannu, ka danna da nauyin jikinka har ƙirjin ya lotsa santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan biyu a kowace daƙiƙa, kana barin ƙirjin ya dawo bayan kowace dannawa. Wanda ya sami horo yakan hura iska a baki sau 2 bayan kowace dannawa 30. Wanda bai iya ba ko yake ƙyanƙyami, ya tsaya a kan dannawar kawai. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta amince da haka ga babban mutum tun 2008.

Sai dai karanta wannan a waya bai isa ba, kuma na gani da idona. A wani horo da na halarta, wata malamar jinya ta shimfiɗa mutum-mutumin roba a kan tabarma, irin wanda ke yin ƙara "ƙas" idan an danna daidai. Wani ƙaton saurayi ya fito yana murmushi, ya fara taɓa ƙirjin a hankali. Ta ce, "Ɗana, shafa shi kake yi ko ceto? Danna!" Ya ce, "Hajiya, kar in karya shi." Ta ce, "Haƙarƙari yana ɗoruwa, ka danna." Kafin minti biyu gumi ya jiƙa masa riga, ƙarar ta fara ɗaukewa. Nan ta tsayar da shi ta ce abin da ya sa ake karɓar juna duk bayan minti biyu ke nan. Abin da hannu ya koya a wannan tabarmar, ba rubutun da zai koyar da shi, har da wannan nawa.

Yanzu ga inda na san za a yi mini ca. Mutum zuciyarsa ta tsaya, sau da yawa yakan ja wani numfashi mai kama da minshari ko shaƙuwa, jefi-jefi, baki a buɗe. Mu da mun ji haka sai mu ce gargara ce, a matso a laƙƙana masa kalmar shahada, a fara neman zanen rufa shi. A wurin masana kuwa wannan numfashin alama ce cewa tsayawar ba ta daɗe ba, kuma lokacin ne dannawa ta fi amfani. Ban ce a bar laƙƙana shahada ba, Allah ya sa mu cika da ita. Baki daban, hannu daban: wani na faɗa masa a kunne, wani na dannawa, me ya hana? Masu cewa ai in ajali ya zo babu makawa, gaskiya suka faɗa, amma a cikinmu wa aka nuna wa ranar wani? Mai ciwon ciki ma muna kai shi asibiti ba mu ce ajali ba. Kuma aya ta 32 a Suratul Ma'ida kowa ya san ta, wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne baki ɗaya. Ina roƙon malamanmu su taɓo wannan a mumbari, domin kalma ɗaya daga liman ta fi takardar ma'aikatar lafiya ɗari isa gida.

Masu zuwa gidan kallon ƙwallo sun ga misali da idonsu. Ranar 12 ga Yunin 2021 Christian Eriksen ya faɗi a fili ana wasan Denmak da Finlan, zuciyarsa ta tsaya. Nan take aka fara danna masa ƙirji, aka sa masa na'ura ta girgiza zuciyar, ya dawo, har ya je ya buga wa Manchester United. Mu kuwa Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agustan 1989 muna wasa da Angola, bai tashi ba. Shekara talatin da 'yan watanni bayan haka, a watan Maris na 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a garin Lafiya, shi ma bai tashi ba. Ba a ce dole ne da sun rayu ba, amma tazarar shiri tsakaninmu da su a fili take. Su mutanen Denmak ba daga sama abin ya faɗo musu ba. Sun wajabta koyar da CPR a makarantu a 2005, sannan ga masu neman lasisin tuƙi a 2006. Daga 2001 zuwa 2010, waɗanda ake fara dannawa kafin zuwan motar asibiti sun tashi daga kashi 21 zuwa kusan 45 cikin 100, masu rayuwa kuma suka ninka sau uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2015 ta goyi bayan a riƙa koya wa yara daga shekara 12, awa biyu kacal a shekara.

Mu a Kebbi muna da ƙarin dalili, wato ruwa. Daga Yawuri zuwa Bagudo zuwa Argungu rayuwarmu a bakin gulbi take. Ba mu manta jirgin da ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 ɗauke da mutane fiye da 150 ba. Wancan maganarsa ta lodi ce da rigar ruwa, CPR ba ta tayar da wanda ya kwana a ƙarƙashin ruwa. Amma yaron da aka tsamo daga kududdufi da damina cikin 'yan mintuna fa? Al'adarmu a juya shi ƙafa sama ko a matsa masa ciki wai ruwa ya fito. Lokaci kawai ake ɓatawa, ga haɗarin amai ya koma masa huhu. Wanda ya nutse iska ya rasa, don haka shi kam da hura numfashi ake farawa, sannan dannawa. Duk sarkin ruwa da mai kwale-kwale ya kamata ya iya wannan kamar yadda ya iya iyo.

To wa zai koyar, wa zai koya? Ni a ganina ba sai mun jira wani sabon shiri daga Abuja ba. Muna da rundunar da babu irinta: 'yan agaji. Na Izala, na Fityanul Islam, na Jama'atu, ga Red Cross. Babu masallacin Juma'a, babu filin idi, babu wa'azi ko maulidin da ba za ka gan su da kakinsu ba. Sun iya fareti, sun iya tsara sahu da ba motoci hannu. A ƙara musu wannan, a riƙa maimaitawa duk shekara don hannu na mantuwa. Bayansu sai 'yan kabu-kabu da direbobin tasha, sai masu horar da ƙwallon unguwa, sai malaman makaranta.

Mata kuma su ne kan gaba a wurina. Yawancin tsayawar zuciya a gida take faruwa, kuma da rana wa ke gida? Ga hawan jini da ya kama kusan ɗaya cikin uku na manyanmu, da yawa ba su ma san suna da shi ba. Ga ciwon zuciyar masu jego, wanda likitoci a Zariya suka yi rubutu a kan yawansa a ƙasar Hausa tun shekarun 1970. In mace ta faɗi a taro, maza kan ja da baya don kunya, alhali malaman fiƙihu sun daɗe da cewa lalura tana halatta abin da aka hana. Hanya mafi sauƙi dai ita ce a koya wa matan kansu, a islamiyyun matan aure da wurin awo, malama mace ta koya wa 'yan'uwanta.

Akwai tsoron 'yan sanda, kuma tsoro ne mai dalili: ka taimaki mutum ya mutu a hannunka, ka kwana kana rubuta bayani. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai neman agajin gaggawa, dokar 2017 ta waɗanda aka harba kuma ta ce kar a takura wa wanda ya kawo su da tambayoyi. Abin da ya rage shi ne majalisar jiharmu ta yi doka ƙarara da za ta kare duk wanda ya yi ƙoƙarin ceto da kyakkyawar niyya.

Kar kuma in yi muku daɗin baki. Ko a Amurka, kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke rayuwa idan zuciyarsa ta tsaya a wajen asibiti. Dannawa riƙon ƙwarya ce, sau da yawa sai an sami na'urar AED, wadda ke duba bugun zuciya da kanta, ta yi magana ta gaya maka abin yi, ta girgiza zuciyar in da buƙata. Girmanta bai wuce jakar makaranta ba. Ya kamata a ce akwai ta a filin wasa na Haliru Abdu, da sansanin alhazai, da Matan Fada lokacin bikin kamun kifi, da manyan masallatan Juma'a. Attajiran da ke saya wa masallaci kafet da na'urar sanyaya ɗaki ba za su gaza wannan ba. Ma'aikatan lafiyar da ke karanta wannan kuma, wanda zai iya ba da Asabar ɗaya ya koyar a unguwarsa ya rubuta a ƙasan wannan rubutu, mu haɗa shi da shugaban 'yan agajin wurin.