Yoga da 'yan kwikwiyo: ana fakewa da guzuma ana harbin karsana

Har yanzu irin bidiyon nan bai daina yawo a Instagram da TikTok ba. Ɗaki mai sheƙi a wani birnin Turai ko Amurka, mutane a jere kan tabarmin roba, an sako musu 'yan kwikwiyo suna tangaɗi tsakanin ƙafafu. Wannan ta sunkuya ta ɗauki ɗaya, waccan ta karɓe ta ɗora a ƙirji, wayoyi a sama ana ta ɗaukar hoto. Can ƙasa kuma sai a rubuta cewa wani kaso na kuɗin shiga za a kai shi gidan kula da dabbobin da aka yasar. Wannan rubutun na ƙasa shi ya fi ɓata min rai, domin da shi ake toshe bakin duk wanda ya so yin tambaya.

Ba da yoga nake faɗa ba. A matsayin motsa jiki tana da amfaninta: miƙe gaɓoɓi, daidaita numfashi, sassauta jijiyoyin wanda ya wuni a kan kujera. A 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta American College of Physicians ta sanya ta cikin hanyoyin da za a fara gwadawa ga mai daɗaɗɗen ciwon baya kafin a kai ga shan magani. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tun a Disambar 2014 ta ware mata ranar 21 ga Yuni, bisa shawarar Firaministan Indiya Narendra Modi. Muhawarar ko tana da alaƙa da ibadar wasu, wannan na malamai ne, kuma ba ita ta zaunar da ni rubutu yau ba. Tambayata ɗaya ce: mene ne aikin ɗan kwikwiyon da bai gama shan nono ba a cikin wannan ɗaki?

Haɗa yoga da dabbobi ya samo tagomashi ne tun 2016, lokacin da wata mata mai suna Lainey Morse ta fara haɗa yoga da awaki a gonarta da ke jihar Oregon ta Amurka. Can aƙalla akuya tana gidanta, in ta gaji ta juya ta yi tafiyarta. Da 'yan kasuwa suka ga akwai maiƙo, sai aka kwaso abin daga gona aka shigo da shi ɗakunan haya na cikin gari, aka maye gurbin akuya da abin da ya fi ta kyau a hoto, kuma ya fi ta rauni.

Mun ga abin da ya biyo baya. A Yulin 2023 gidan talabijin na ITV a Birtaniya ya fitar da rahoton binciken da ma'aikatansa suka yi a ɓoye cikin irin waɗannan azuzuwa. Sun tarar da 'yan kwikwiyon da ba su wuce mako shida ba, ana tashin su daga barci a miƙa wa masu biyan kuɗi, wasu kuma an hana su ruwa don kada su yi fitsari a kan tabarmin baƙi. A ƙasar da doka ta hana sayar da kwikwiyon da bai kai mako takwas ba ke nan. Likitocin dabbobi sun sha faɗin cewa ɗan kwikwiyo na buƙatar barcin awa 18 zuwa 20 a rana. Wanda ake jigilarsa daga aji zuwa aji, yaushe zai samu?

Duk wanda ya taso a gidan da ake kiwo ya san wannan ba sai an karanta masa ba. Na tuna wata tunkiyarmu da yara suka ɗauke mata ɗa na 'yan sa'o'i don wasa. Ta ƙi cin dusa, tana zagaya turke tana kuka har murya ta dishe, shi kuma da aka dawo da shi ya lafe a gindin bango yana rawar jiki, sai can da yamma ya iya kama nono. Yara ne, ba da mugunta suka yi ba. To ina ga manya da suka mayar da irin wannan sana'a, suka sa mata farashi, sannan suka kira ta jinƙai?

Masu goyon bayan abin suna cewa yana saba wa kwikwiyo da mutane. Sabo ba ya zuwa ta hanyar hannaye ashirin na baƙi a awa guda. Wasu na cewa ai da haka ake samun masu ɗaukar riƙon dabbobin. Wanda ya ɗauki kare saboda ya yi masa kyau a hoto, shi ne na farkon mayar da shi ranar da ya girma ya fara cin takalma. Kuma da yawan 'yan kwikwiyon daga hannun masu kiwon sayarwa suke fitowa, ajin yoga ya zame musu rumfar talla. Kason da ake cewa za a bayar ɗin nan, da wuya ka ga an faɗi nawa ne, ko wa ya karɓa.

Shi ya sa nake ganin Italiya ta yi daidai da ma'aikatar lafiyarta ta hana amfani da 'yan kwikwiyo a irin waɗannan azuzuwa a 2024, ta ce sai dai manyan karnuka. Ya kamata sauran ƙasashe su daina jan ƙafa. Mu da muka tashi da hadisin mutumin da aka gafarta masa saboda ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, bai kamata mu ga an hana ɗan kwikwiyo ruwa don tsabtar tabarma ba, mu kuma danna alamar so mu tura wa abokai.

Mai son tara wa dabbobi kuɗi da yoga, hanya a buɗe take. A shimfiɗa tabarmi a fili, a yi motsa jiki, a karɓi kuɗin, a bayyana adadinsa, a kai wa masu sayen abinci da allurar rigakafi. Dabbobin kuma a bar su inda suke, kusa da uwarsu da kwanon ruwansu.