Sun ce ba su gan ni a rubutuna ba

Ranar Laraba mu goma sha ɗaya muka zagaye wani dogon tebur a hawa na uku, a jami'ar da nake karatu a arewacin Ingila. Ruwan sama na bin gilashin taga, na'urar ɗumama ɗaki na ta huci, ga butar shayi da farantin biskit a tsakiya. Wata ɗaliba ta karanto mana babi guda na kundin digirinta na uku. A kan rayuwarta ta rubuta shi: ranar da ta shaida wa mahaifinta cewa ita mace take so ba namiji ba, da shekara shida da ya yi bai ɗauki wayarta ba. Tana cikin karatu muryarta ta sarƙe, hawaye suka zubo. Malamarmu ta tura mata kwalin tishu, aka yi shiru har ta natsu ta ci gaba. Ni kaɗai na sunkuyar da kai.

Salon ya kafu a nan, mai bincike ya mai da rayuwarsa abin nazari. Irin su Carolyn Ellis a Amurka ne suka yaɗa shi tun shekarun 1990, bisa hujjar cewa wanda ya ɗanɗani abu ya san abin da takardar tambayoyi ba za ta kamo ba. Ban musa ba. Na san matsayin addinina kan abin da ta faɗa, amma kukanta na 'yar da ta rasa uba yana raye ne, kuma ya taɓa ni. Na tuna cewa a 2014, shekarar da aka fara auren jinsi ɗaya a Ingila, a ita ce aka sa hannu a Najeriya kan dokar ɗaurin shekara 14 ga masu yin sa. Mai irin halinta a gida ba shi da teburin da zai karanta babinsa.

Abin da ya sosa mini rai sai da aka zo kaina. Nawa aikin a kan riƙon yara ne a ƙasar Katsina. Na gama karatu, malamar ta ce, "Kai kana ina a cikin aikin nan?" Wani ɗalibi ya ƙara da cewa wataƙila al'adarmu ce ta hana mu faɗin abin da ke ranmu.

Hana mu? Su a ganinsu wanda bai tuɓe a gaban jama'a ba ɓoyo yake yi. Ba su da labarin kara, ba su san kawaici ba. Ai Baba ta Karo, wata dattijuwa Bahaushiya, ta zauna da Mary Smith, Baturiyar da ta rubuta tarihin rayuwarta, a ƙasar Zazzau a 1949 ta zayyana mata aure-aurenta da rashin haihuwarta, don ta ga lokacin faɗa ya yi. Muna faɗa, sai dai muna duba wa za a faɗa wa.

Ni ɗan fari ne. Kakata ce ta riƙe ni tun yaye, kuma har yau mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Idan na rubuta haka a babina, a teburin nan za a ce an ci zalina, a nemo mini mai ba da shawara. Ta yaya zan fahimtar da su cewa ranar da zan taho, ita mahaifiyar tawa ta kwana tana daka mini yaji da kuka, da asuba kuma ta ƙi fitowa rakiya?

Jiya na kira gida. Ƙanwata ce ta ɗauka. Ina jin muryar Inna daga can bakin murhu tana cewa, "Tambayi wancan ko yana samun abinci mai zafi."